Ba Gajiya a Gidan Babayo

Da asuba, bayan an sallame, Babayo yana zaune a kan darduma a hawa na bakwai, tabarau a karan hanci, waya a hannu, yana jiran ɗansa ya shafa addu'a. Huzaifa, ɗan shekara goma sha shida, ya shafa, ya juyo ya rusuna.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

Babayo ya dangwala yatsa a kan koriyar fuska mai murmushi, ya tura, ya kife wayar. Haka ya yi wata biyu cur, bai taɓa fashi ba, kuma bai taɓa kuskuren taɓa wata fuskar ba.

Huzaifa yana buga ƙwallon zari-ruga a wata ƙungiyar matasa a Guangzhou. Kocinsu, wani siririn mutum mai suna Liang, yakan tura wa iyaye tambaya a waya kowace safiya: fuskoki biyar a jere, daga koriya mai dariya zuwa ja mai kuka. Uba ya tambayi ɗansa yadda gajiyarsa take, ya danna wadda ta dace. Babayo kuwa yana tambaya, ana ba shi amsa, yana dannawa. A ganinsa babu uban da ya kai shi cika umarni.

Shi Babayo mutumin Fagge ne. Da dako ya fara a Kantin Kwari, dila a ka, tun gemu bai fito ba. Wani ubangidansa ya taho da shi Sin ya riƙa ɗaure masa kaya, ubangidan ya koma, shi ya zauna. Shekara goma sha tara ke nan yana danne riguna daga kasuwar Baima a wani sito da ke bayan titin Huanshi Lu, yana ɗaure su har dila ta yi tauri kamar dutse. In 'yan kasuwa za su Shiling sayen jakunkuna, da shi ake tafiya, saboda babban yatsansa. Laoban, wato mai shago, zai yi ta rantsuwa fata ce ta gaske. Babayo ba ya saurare. Sai ya danna jakar da yatsa, ya ja zif sau uku, ya ajiye ko ya ɗauka. Bakin mai shago bai taɓa sa shi sayen ko maɓalli ba.

Amma a kan gajiya, ya yarda da baki. A wurinsa namiji ba ya amsa gaisuwa da ƙorafi. Ranar da dila ta faɗo masa a kafaɗa, aka tambaye shi jiki a gadon asibiti, "da sauƙi" ya ce, kafin ma a mayar da ƙashin. A haka ya tarbiyyantar da ɗansa. Wasan kansa bai taɓa burge shi ba. Yakan ce a Kwari wanda ya zari abu ya ruga ba kofi ake ba shi ba. Ya dai bari ne saboda yaron yana so, kuma ya fi zaman danna waya.

Matarsa Lami, wadda ke tuƙa wa 'yan kasuwa tuwon rana, ita ta fara lura. Ta ga yaron yana hawa bene yana jan ƙarfen gefe da hannu biyu. Ta gan shi ya yi gyangyaɗi da loma a hannu.

"Malam, ƙafafun yaron nan ba nasa ba ne."

"Na tambaye shi da safe."

"Ka dai gaishe shi."

"To gaisuwa ba tambaya ba ce?"

Ta ci gaba da kwashe tuwonta.

Abin da Babayo bai sani ba shi ne, da fuskokin nan Liang yake raba aiki. Talata, Alhamis da Lahadi yaran suna gudu mai tsanani: daƙiƙa goma sha biyar da iyakar ƙarfi, goma sha biyar a tsaya, sau goma sha shida, a ɗan sha ruwa, a sake. Wanda ubansa ya danna ruwan ɗorawa, a rage masa. Wanda aka danna wa ja, ya zauna a benci. Huzaifa kuwa kullum kore shar, don haka kullum cikakken kaso, wani lokaci har da gyara. Kafin a fara, kowane yaro yakan yi tsalle a kan wata tabarmar roba mai auna tsawon tsalle. Na Huzaifa sai raguwa yake yi mako bayan mako, gudunsa ma haka.

Za a zaɓi yara goma sha biyu su je gasa a Shenzhen, gwajin ƙarshe ranar Asabar. Huzaifa ya shekara yana mafarkin shiga motar nan. Ana saura kwana shida, Liang ya aiko a kira uban.

Kallamu ne ya kai shi filin ranar Lahadi. Kallamu mutumin Maraɗi ne, direban da ke kai 'yan kasuwa Shiling, ya fi Babayo jin Sinanci, kuma bai taɓa barin damar tsokanarsa ta wuce ba. Shi ya yi tafinta, yana jin daɗin kowace kalma.

"Bakano, ya ce yaron da ya gaji, ya san maganinsa. Amma yaron da bai gaji ba, wata biyu kore, kuma yake gudu kamar mai ɗauke da tulu, to wannan ba ya so ne. Ya ce in Asabar ta zo a haka, ba shi a mota."

"Rago yake ce wa ɗana?"

"Bai faɗa ba. Ni na taya shi."

Babayo ya dubi Huzaifa. Yaron ya sunkuyar da kai yana murza igiyar wandonsa. Ya dubi filin, inda sauran yaran ke rugawa su tsaya, su ruga su tsaya, usur yana kaɗa su.

"Wannan ne gudun? Rabi gudu, rabi tsayuwa? Ni da nake hawa bene bakwai da buhun shinkafa?"

Kallamu ya fassara, da alama har da ƙari, domin Liang ya yi murmushi ya nuna layi da hannu.

Babayo ya cire hula ya miƙa wa Kallamu. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ya shiga tsakanin yara yana ɗan shekara arba'in da takwas. Gudu na farko ya wuce yara uku, har ya waiwayo ya ga ko Kallamu ya gani. Na uku, ya gane cewa daƙiƙa goma sha biyar ɗin tsayuwa ta fi ta gudu gajarta, duk da agogo ɗaya ne. Na biyar, ƙirjinsa ya fara kukan tsohuwar ƙofa. Na bakwai, filin ya karkace. Ya kai na tara don kada a ce, sannan ya taka a hankali zuwa gefe, ya tsaya ya kama ƙugu yana kallon sama kamar mai duba hadari.

Kallamu ya matso da hular.

"Sannu, Bakano. Ina gajiya?"

Sai da ya ja numfashi huɗu.

"Ba gajiya."

Litinin ya je aiki, ya ɗaure dila shida, yana ɗan ɗingishi, ya ce ƙusa ya taka. Talata da asuba ya zo tashi, cinyoyinsa suka ƙi. Kamar an zare su da dare an cusa itace. Ya yi niyyar ruku'u, ya ji abin ba na wasa ba ne, ya ƙarasa sallar a zaune a kan kujerar roba, Lami tana wucewa da buta tana kallon bango don kada dariya ta kuɓuce mata.

Yana zaune a wurin ya yi lissafin da bai taɓa yi ba. Shi tara ya yi, sau ɗaya. Yaron talatin da biyu yake yi, sau uku a mako, wata biyu, sannan ya hau benen nan.

Huzaifa ya rusuna.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

Babayo ya daɗe yana kallonsa ta saman tabarau. Ya ɗauki waya ya danna ja mai kuka. Kafin a sha shayi amsar Liang ta iso: yaron ya zauna a gida har Asabar.

Nan hankalin Huzaifa ya tashi. A ganinsa an riga an cire shi ke nan. Ya ce to zai riƙa fita shi kaɗai da sassafe ya yi gudun a bakin titi, kada ƙarfinsa ya zube. Babayo bai yi masa wa'azi ba, bai iya ba ma. Ya miƙa hannu ƙarƙashin gado ya jawo takalman wasan, ya haɗa da na gudun, ya ƙulla igiyoyinsu, ya rataya a wuya. Ya bar masa silifas ɗin banɗaki.

Haka ya sauko bene bakwai da baya da baya, domin ta gaba cinya ba ta yarda, hannu biyu a kan ƙarfe, takalma huɗu suna lilo a ƙirjinsa. Kallamu yana ƙasa a mota da 'yan kasuwa biyu, suna jiransa a tafi Shiling. Ya leƙo ta taga ya kalli saukowar tun daga hawa na biyu.

"Yau kuma talla muka koma?"

"Ja motarka."

"Ina gajiya?"

"Na ce ja motarka."

Kwana huɗu takalman suna bin sa aiki. A Shiling wani laoban ya ɗauka samfur ne, har ya ce zai iya yin dubu irinsu. A gida Huzaifa ya ci, ya yi barci, ya tashi ya yi fushi, ya sake ci. Lami ta riƙa ƙara masa nama tana cewa ladan zaman gida ne. Ranar Juma'a aka ji shi yana hawa benen bibbiyu da silifas.

Asabar Huzaifa ya hau tabarmar roba ya yi tsallen da ya fi na watan jiya. Bai zo na ɗaya a gudu ba, bai ma zo na biyar ba. Da Liang ya karanta sunaye, nasa ne na goma sha ɗaya. Kocin ya zo ya yi wa Babayo doguwar magana a kan muhimmancin faɗin gaskiya game da jiki. Kallamu ya taƙaita: "Ya ce an gode." Babayo ya ce, "Shiye-shiye," wato godiya da Sinanci, ya sa hularsa.

Ranar tafiyar, uba da ɗa suna tsaye a bakin motar da za ta kai yaran Shenzhen. Wayar Babayo ta yi ƙara, fuskoki biyar sun iso. Huzaifa ya ajiye jaka ya rusuna, suka gaisa kamar kullum, aka tambayi gajiya, aka ce babu. Babayo ya gyaɗa kai, ya karɓi gaisuwar a matsayinta. Sannan ya sunkuya, da ɗan nishi, ya kafa babban yatsan nan a cinyar yaron, ya danna kamar yana Shiling. Huzaifa ya ɗan yamutsa fuska. Babayo ya koma ɗaya cinyar ya danna. Ya miƙe, ya gyara tabarau, ya tsallake koriyar, ya dangwala wadda ke kusa da ita.