Zanen kumatun Mama

Sau uku shafin ƙungiyar garinmu yana ƙin karɓar hoton Mama na sanarwar jana'izarta, wai ya yi nauyi. Mai shagon kwamfuta a Kafanchan ya matse shi, sai zanen kumatunta ya ɓace.

Ya ce, "Anti, ai ba wanda zai lura."

Na ce, "Da zanen nan tsofaffin Kwoi suke gane ta, ba da sunan baftisma ba. Ko kwamfutarka ce za ta zo jana'izar?"

Ina tsaye kusa da ita a hoton, kuma shi kaɗai muka taɓa ɗauka tare. Na ce ya yanke ni, ya bar ta yadda take. Nan take shafin ya karɓa.

Da ku ne, me za ku yarda a yanke?