Fentin da Bai Jure Guduma Ba

Sama da shekara huɗu na yi a Manchester ina wuni a wani ɗakin gwaji na jami'a mai sanyi kamar cikin firiza. Aikina haɗa fentin da zai hana ƙanƙara mannewa a jikin jiragen masunta. A tekunan arewa, ruwan da ya fantsamo kan jirgi daskarewa yake yi nan take, ya yi ta taruwa har nauyinsa ya kifar da jirgin da mutanen ciki. Ni kuwa ko kwalekwale ban taɓa shiga ba.

Kullum abu ɗaya. In taso daga unguwarmu Hulme, in jibga riguna, in shafe farantan ƙarfe da fenti, in fesa musu ruwan gishiri, in zauna jira. Washegari in kankare, in sake.

A shekara ta uku na dace da wani haɗi. Da ɗan yatsa nake ture ƙanƙarar ta zame. Malamar da ke duba aikina ta gayyato wani tsohon masunci ya gani. Ya daɗe yana shafa farantin, sannan ya zaro gudumar katako daga jakarsa.

"Da wannan muke fasa ƙanƙara a jirgi," in ji shi. "Kin yarda in gwada?"

Na ce ya gwada. Ya buga sau biyar. Muka sake fesa ruwa, muka jira. Duk inda gudumar ta taɓa, ƙanƙara ta kama gam.

"Ki yi haƙuri, 'yata. Ƙanena da jirginsu ƙanƙara ce ta tafi da su. Ki yi mana wanda zai sha duka."

Ranar Juma'a na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, gidan yayata a unguwar Small Heath. Ta zubo mini shinkafa da wake, na kasa ci.

"Ke dai kin rame. Ki bar uni ɗin nan ki dawo wurina mana."

"Yaya, ban ma da ƙarfin yin shawara."

Kwana biyu na yi ina barci a falonta, Litinin na koma.

Haɗi na biyu ya ci mini wata shekara da rabi. Bai kai na farko santsi ba, amma yana jure bugu. An shafa shi a jirgi ɗaya don gwaji, lokacin har na gama na kama wani aikin. An ce ya rage wa masuntan wahala kaɗan.