Totuwar Masara a Cikin Gingimari

Shekarun baya, ba a daɗe da komawa tuƙin hannun dama ba, maigidana yana jan wata gingimari mai bodin katako a Kafanchan. Citta da doya yake kwasowa daga ƙauyukan Zonkwa da Manchok ya kawo tashar jirgi. Motar ta wani dattijon majami'armu ce, tsohon ma'aikacin reluwe, kullum cikin farar riga kamar ba ya zama a ƙasa. Baba Dattijo muke ce masa.

Ni ba mai yawo ba ce. Aji biyu na yi aka cire ni, duniyata daga murhu zuwa bakin ƙofa. Amma Allah ya ba ni kunne. Motoci goma su wuce ba na ɗaga kai, ita kuwa tun tana kwanar kasuwa na san ita ce, sai in tashi in kwashe abinci.

Sai motar nan ta fara shan baƙin mai. Maigidana ya cika da safe, kafin ya dawo daga Zonkwa gejin auna mai ya kusa bushewa, jikin injin ya yi sharkaf. Bakanike ya ce gasket ne, wato abin da ke tare yoyo a bakin murfin kan injin, ya canja. Kwana huɗu ya sake fashewa. Aka kuma canjawa, ya kuma fashewa.

Baba Dattijo ya kira maigidana ya ce, "Motata ba ta taɓa shan mai haka ba. Kai kake sha." Wai yana sayar wa masu injin niƙa a ƙauye, ya shafa ragowar a jikin injin don a ce yoyo ne. Bai tsaya nan ba, ya kai maganar gaban dattawan ikilisiya. Suka ce in wata ya ƙare babu bayani, za a sa shi horo: zama a bencin baya, babu Jibin Ubangiji, ya kuma ajiye makullin mota. Mutumin da in ya tsinci allura sai ya bi gida gida yana cigiya.

Ran Alhamis a zumuntar mata wata ta ce mini, "Maman yara, a ɗan sam mana man nan mu soya ƙosai mana." Aka yi dariya. Ni ma na yi, don ban san yadda zan yi da fuskata ba.

Wata rana da tsakar rana maigidana ya tsaya cin abinci, ya sa tuwo a gaba yana kallo. Na ce, "Baban yara, motarka tana huci."

"Wane irin huci?"

"In ka kashe ta, sai ta yi fiii, ta daɗe tana yi. Da ba ta yi. Tun makon da Baba ya yi wa tsakar gidansa siminti ta fara." Na riƙe makon ne saboda mu matan zumunta muka ɗebo masa ruwan aikin a kanmu, wuyana ya kwana uku yana ciwo.

Ya ce in bar shi da abin da ke damunsa. Ban bar shi ba. Na ɗaura zane na haye gaban mota, ni da ko kasuwa sai an ja ni, muka tafi garejin da ke gindin mangwaro.

Da bakanike ya ji abin da ya kawo ni sai ya yi dariya har da riƙe ciki. "Madam, ke tuwo kike tuƙawa, shi mota."

Na ce, "Duk tuƙi ne, ɗan'uwa. Ka tayar da ita ka kashe, ku yi mini shiru."

Aka tayar, aka kashe. Fiii. Kowa ya ji.

Na ce, "Ni ban san ƙarfe ba. Amma in na danne murfin tukunyar gwate da dutse, tururi bai sami hanya ba, ta gefen murfi take amai. Ita wannan ba ta da inda take fitar da numfashi ne?"

Dariyar ta tsaya. Bakaniken ya nuna wani bututu da ya fito daga gefen murfin injin ya gangara ƙasa, ya ce bututun numfashi ke nan, ta nan iskar cikin injin take fita, yakan ɗan yi hayaƙi ya ɗiga mai kaɗan. Ya kwanta ƙarƙashin mota ya zura waya. Waya ta ƙi shiga. Ya yi ta ƙwaƙula yana tsaki, sai ga totuwar masara ta faɗo, baƙa wuluk. An cusa ta can ciki da sanda. Ashe iska ce ta rasa hanya take fasa gasket, tana feso mai a titi.

Aka aika aka kira Baba Dattijo. Ya zo a kan kekensa, ya dubi totuwar a hannun bakanike.

"Au, wannan? Ai ni na sa. Ɗiga take yi mini a kan sabon siminti in ta kwana a gidana."

Haka ya faɗa, kamar mai ba da labarin ruwan jiya. Maigidana ya ce, "Baba, ai ita ce ta zubar da man." Sai Baba ya gyara hannun rigarsa ya ce, "To, ai aikin direba ne ya duba motarsa." Ya hau keke ya tafi. Na duƙa na ɗauki totuwar na naɗe a ganye.

Ran Lahadi na kasa kunne a sanarwa. Tsakanin maganar sharar majami'a da ta gwajin waƙa aka ce, "Zancen ɗan'uwanmu an daidaita a cikin gida." Shi ke nan. Sata an faɗe ta da suna, wankewa kuwa ko sunan ba a kira ba. Rabin mutane suka ɗauka roƙo muka yi aka yafe mana.

Na jira har ranar godiyar kaka, da kowa yake kai amfanin gonarsa gaba ana waƙa. Baba Dattijo ne mai karɓa. Na cika kwando da masara, na ɗora baƙar totuwar nan a samanta. Kada ku ɗauka jaruma ce ni, waƙar ma ɓace mini ta yi. Na durƙusa na miƙa na ce, "Baba, ga taka a sama."

Ya gan ta. Ya yi wuf ya cusa a aljihu. Kafin a yi addu'ar rufewa, mai ya huda farar rigar nan ya yi tambari kamar tafin hannu, kuma a gaba yake zaune, yana fuskantar jama'a. Bakaniken yana cikin mawaƙa, ya gani, kafin la'asar duk unguwa ta ji labarin daga bakinsa.

Maigidana ya yi fushi da ni kwana biyu, wai na kai rigima gidan Allah. Wataƙila da gaskiyarsa. Ya ci gaba da jan motar har shekara shida, Baba bai taɓa ce masa yi haƙuri ba, shi kuma bai taɓa nema ba. Dukansu sun riga mu gidan gaskiya.

An ce mu yafe, kuma na yafe, Fasto ya sa na faɗa da bakina. Amma har yau in tukunya ta fara huci a kan wuta, sai in ji zuciyata ta taso. Saboda ɗigon mai a kan siminti aka kusa zubar da sunan mutum. Simintin da ni na ɗebo wa ruwa.