Shanu a bikin albam ɗin Habu

Jama'a, yau shanu ne suka tashi taro a Auyo!

Ƙanena Habu ne ya ƙaddamar da albam ɗinsa a bakin fadama bayan la'asar. Babu waƙa a ciki, sai kukan kwaɗi da ƙarar daka da makamantansu. Masu kalangu na bi, samari na rawa.

Sai aka sako wani kiran shanu da ya ɗauka bara a bakin wani tsohon makiyayi. Kafin ka ce kwabo, ga garke ya keto ruwa a guje! Kowa ya yi ta kansa. Shanun suka kewaye lasifika suka tsaya cak.

Mai su, wani saurayi, ya iso yana haki. Ya ce, "Wa ya kira su?"

Habu ya ce, "Na'ura ce, Malam."

Mai shanun ya saurara. Ya ce, "Muryar Baffana ce. Da damina ya rasu."

Ya kora, ya kora, sun ƙi motsi.

Ƙarshe dai lasifika mai caji aka ɗaure a bayan babur, kiran na tashi, Habu na tuƙi a hankali, shanu na biye har ruga. Mutumin yana tafe a bayansu, ko sau ɗaya bai ɗaga sanda ba.