Cikon Sitta Shawwal a Kan Kogin Jamus

A shekarun da muka zauna a Riyad, unguwar Nasiriya, ban taɓa ganin ruwa mai gudu ba sai na famfo. Maigidana likita ne, kwantiragi ya kai mu. Idan zafi ya tsananta sai a ba shi hutu mu tafi gida Najeriya. Wata shekara, bayan ƙaramar Salla, ya shigo da takarda mai hotunan jirgin ruwa ya ajiye mini a cinya.

"Hajiya, bana Turai za mu. A cikin jirgin nan za mu kwana, mu tashi, kogi na tafiya da mu."

Karatuna na yaƙi da jahilci ne, rubutun Turawa bai karantu mini ba, amma hoto ba ya bukatar malami. Murna ta hana ni zama. Na daka yaji, na ƙulle dabino, na wanke buta.

Abu guda ya tsaya mini a rai. Tun da aka yi mini aure ban taɓa barin Sitta Shawwal ya wuce ni ba, haka na taso na ga mahaifiyata tana yi. A shekarar nan na yi biyar, sai zazzaɓi ya kama 'yar autarmu, jinya da haɗa kaya suka cinye watan. Da muka lissafa a Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid, sai ga shi ranar ƙarshe ta Shawwal ita ce wuninmu na farko a kan kogi.

"Ke matafiyiya ce, ki bar shi," in ji maigida. "Kuma ranar can ba ta faɗuwa da wuri."

Na yi murmushi kawai, don mutum ne mai tsokana. Rana ai ɗaya ce, wadda ke Riyad ita ce a Jamus. Da muka shiga jirgin ruwan, gajiya ta kwantar da ni tun la'asar, ban farka ba sai cikin duhu, saboda haka ban ga lokacin da ta faɗi ba. Na yi salla, na ci dabino da shayin fulas, na ɗaura niyya.

Da safe na ja labule, sai da na yi salati. Kore ko'ina! Tsaunuka a dama da hagu, an shuka musu inabi layi-layi kamar kitson shuku. A kan wani dutse ga tsohon gidan sarki, rabinsa ya rushe, an bar shi haka nan mutane na ɗaukarsa hoto. Autar, wadda Larabci ya fi zama a bakinta fiye da Hausa, sai tsalle take tana "Yumma, shufi, shufi!" wato Mama duba, tana nuna wasu fararen agwagi masu dogon wuya.

Har wani ɗaki na ruwa muka shiga, jirgin gaba ɗaya. Aka rufe ƙofar ƙarfe a bayanmu, ruwa ya riƙa ɗaga mu a hankali har muka daidaita da kogin da ke sama. Na riƙe hannun maigida ina dariya kamar yarinya. Da hantsi aka sauke mu a wani ƙaramin gari mai titunan duwatsu, kowace taga da tukunyar fure. Ƙamshin burodi ya bi ni lungu-lungu, na haɗiye yawu na wuce.

A ɗakin cin abinci an haɗa mu tebur da wata tsohuwar Baturiya mai farin gashi, ita kaɗai take tafiyarta. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Da azahar ta ga ban taɓa faranti ba, ta dafa cikinta tana tambaya ko ciwo ne. Maigida ya yi mata bayani da Turanci. Ta dubi taga, ta dube ni, ta kama baki.

Sai da yamma na gane dalilin kama bakin. A Riyad ba na duba agogo don shan ruwa. Ladanai ne za su ɗauki kiran salla daga kowace kusurwa, masu kanti su ja ƙofofi. A nan agogon hannuna ya kai lokacin da muka saba, rana kuwa tana sama kamar yanzu aka yi la'asar. Aka kaɗa ƙararrawar abincin dare, aka ci, aka kwashe kwanuka, aka rufe ɗakin. Rana tana nan.

Na hau saman jirgin na zauna da dabino a hannu. Maƙogwarona ya bushe, kaina na sarawa kaɗan-kaɗan. Maigida ya jawo kujera.

"Hajiya, yaya ranar taku ta Riyad? Ko mu aika a kira ta?"

"Likita, ka bar ni da abin da ya dame ni."

Sai ga tsohuwar ta hawo da ƙunshi a cikin farin ƙyallen tebur: burodi, cuku, da wasu jajayen 'ya'yan itace masu tsinke. Ta ajiye a gabana, ta zauna, ta zuba wa rana ido tare da ni. Ba a jima ba wasu Turawan suka matso, da alama ta baza labari.

Can rana ta gangara ta shige bayan wani tsauni. Tsohuwar ta tafa hannu, sauran suka taya ta, auta na "Yalla, Yumma, kuli!" wato in yi maza in ci. Na yi bisimilla, na kai dabino bakin leɓena. Daidai nan jirgin ya sha kwana, tsaunin ya matsa gefe, sai ga rana ta fito tangaran tana haska mini fuska.

Hannuna ya tsaya a iska. Kowa ya fashe da dariya, har ni. Tsohuwar ta miƙe tana yi wa rana faɗa da yarensu, tana kora ta da hannu kamar mai korar kaza. Haka ranar ta sake yi mana a kwana ta gaba. Daga nan ko an tafa ba na motsi.

Sai da muka fito fili, inda babu tsauni, na ga ta yi ja, ta taɓa ƙasa, ta nutse a hankali. Maigida ya dubi sama ya ce, "To yanzu kam ta tafi. Sha ruwa, Hajiya."

Ruwan nan har yau ina jin sanyinsa. Na miƙa wa tsohuwar dabino, ta miƙo mini jajayen 'ya'yan itacen, muka ci muna tofar da ƙwallo a tafin hannu, fitilun wani ƙauye na wucewa a gefenmu. Na cika shida.