Inda Baba Ya Tsaya

Jiya ina kwashe kayan marigayiya Inna, mahaifiyata, na ga Littafi Mai Tsarkinta naɗe a tsohon ɗankwali, yana ƙanshin hayaƙi da daddawa. Ba ta iya karatu ba. Tun suna ango da amarya har furfura, Baba ke karanta mata bayan ta dama kunu, ita kuma ta sa tsinken tsintsiya inda ya tsaya.

Bayan rasuwarsa na je wurinta a garin Kibiya, ta miƙo min littafin.

"Auta, ɗora min daga nan."

"Inna, motar Kano za ta cika. Sai na dawo."

Ta ce to, ta naɗe abinta.

Tsinken bai motsa ba. Yesu ya hutar da ke, Inna, ya ƙarasa miki sauran.