Maƙerin da Baba Ishaya Ya Hana Mutuwa

A duk shekarun da na yi a masaƙa, akwai wata Alhamis da ban taɓa mantawa da ita ba, kuma ba ranar ƙarin girma ba ce. Ranar kallon telebijin ce. Ku yaran yanzu da kuke ɗauke da fim a aljihu za ku yi dariya, to ku yi, amma ku bari in kai ƙarshe.

A tsakiyar shekarun 1980 ne, ina heluma a sashen saƙa na wata masaƙa a Kakuri. Heluma shi ne mai kula da layin injina da mutanen da ke kansu. Aikinmu kashi uku ne, wanda muke kira shif: na safe, na rana, na dare. Na rana yana kamawa bayan azahar, ba ya tashi sai an daɗe da yin isha'i. Bisa ƙa'ida duk sati ake juyawa, domin kowa ya ɗanɗana daɗi da wuya. To a wannan shekarar sai aka samu babbar odar atamfa ta Kirsimeti, manaja ya ce an dakatar da juyi har a gama. Mu aka bari a shif ɗin rana wajen wata biyu.

Daidai lokacin ne gidan telebijin ya fara nuna wani wasan tarihi da Hausa, kashi-kashi, duk Alhamis da ƙarfe takwas. Labarin wani birni ne mai ganuwa a zamanin da, tun kafin bindiga ta zo ƙasar nan, abokan gaba sun kewaye shi. Sunan wasan yana da tsawo, mu dai Birni muke ce masa. Duk Kaduna ta ɗauka, daga Makera har Barnawa ba a zancen komai sai shi. Mu kuwa a lokacin muna tsaye gaban inji, audugar toshe kunne a kunnuwanmu, muna magana da hannu kamar kurame.

Wanda ya cece mu shi ne Baba Ishaya, babban makanikin injinanmu. Mutumin kudancin Kaduna ne, yana zaune a Romi, saura 'yan watanni ya yi ritaya. Shi aikin yini yake yi, da yamma ya tashi. Yana da ƙaramin telebijin baƙi da fari da yake haɗawa da batirin mota. A masaƙar nan maganarsa ba ta faɗuwa ƙasa: in ya ce inji zai kai asuba, zai kai; in ya ce a kashe shi, ko manaja ba ya musu. Sai ya zama duk Juma'a, lokacin hutun cin abinci, ba ya tafiya gida sai ya zauna a kantin, wato ɗakin cin abincin ma'aikata, ya ba mu labarin abin da aka nuna jiya. Muka kafa doka cewa wanda duk ya ji wani abu a gida ko a mota ya riƙe bakinsa, in ya fasa mana labari shi zai sayi shayin kowa.

A cikin wasan akwai sarki, akwai 'ya'yan sarki, akwai wani munafuki Sarkin Ƙofa da ke son buɗe wa abokan gaba. Amma namu shi ne Nomau, maƙerin da ke gyara sakatun ƙofar birni. Talaka ne mai baƙin hannu, ba ya iya magana a fada, sai aiki. Da Baba ya ambaci sunansa sai ka ga cokula sun tsaya.

Baba kuwa ya iya ba da labari. Zai tashi ya yi tafiyar Sarkin Ƙofa, ya ɗauki sifana ya mayar da ita takobi. A kashi na uku ya gaya mana yadda aka ritsa Nomau a bakin ƙofa, aka harbe shi da kibiya, ya faɗi, amma ya ja ciki ya ɓuya a rijiyar marina har gari ya waye. Talatu, wata masaƙiya mai kaifin baki da ke layina, ta dafa ƙirji ta ce, "Da sun kashe shi, wallahi da na daina ji."

Daga nan Nomau ya ƙara ƙarfi. Ya warke, ya shafa wa ƙyauren birni man kaɗanya don kada ya yi ƙara, ya auri wata bazawara mai sayar da fura. Ni dai na fara lura da wani abu: Nomau ya soma ƙorafin cewa fada ba ta ba shi kayan aiki, sai ya yi ta zirga-zirga kafin a ba shi ƙarfe ɗaya. Shi kuma Sarkin Ƙofa ya koma yin magana ta hanci, sak irin ta mai kula da sitonmu. Na ce a raina, lallai marubucin wasan nan ya taɓa aikin kamfani.

Ana cikin haka matar Sule ta haihu. Sule matashi ne daga cikin masu ɗaura zare, mai saurin fushi da saurin dariya, yana haya a Makera. An raɗa wa yaro suna Abubakar, amma a wajen sunan Sule ya tashi ya ce kowa ya kira shi Nomau, domin yana son ɗansa ya zama irin mutumin da kibiya ba ta kashewa. Muka yi ta tafi. Na tuna Baba Ishaya ne kaɗai bai ci tuwon sunan da kyau ba, na ɗauka ciwon ciki ne.

Da oda ta kusa kammaluwa, sai na ga ya kamata in yi wa mutanena wani abu. Na je wajen manajan ma'aikata na ce, "Ranka ya daɗe, mutanen nan sun yi wata biyu ba juyi, ba wanda ya yi gunaguni. Alhamis mai zuwa za a nuna kashin ƙarshe na Birni. A ba mu awa ɗaya."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ka cika adadin yadin da aka ɗora maka?"

Na ce, "Har da ƙari."

Ya ce, "To a kashe injina kafin takwas. Zan sa a kawo telebijin ɗin ofishina kantin, mai kala ne. Amma in aka fasa shi, albashinka."

Da na sanar, sai da kantin ya ɗauka da murna. Ni ma na ji kaina ya yi girma.

Ana gobe kallo, Baba Ishaya ya same ni a bayan inji na ƙarshe, ya ja hannuna zuwa baranda inda ƙara ba ta kai sosai. Ya cire hula, abin da ban taɓa gani ya yi wa kowa ba. Ya ce, "Heluma, ka kashe ni."

Na ce, "Subhanallahi, Baba, da me?"

Ya ce, "Nomau ya mutu."

Na ce, "Yaron Sule?"

Ya ce, "A'a, Allah ya raya shi. Na Birni. Tun kashi na uku ya mutu."

Sai ya warware mini. Ranar da aka harbi Nomau, daidai lokacin da ya faɗi, batirin Baba ya mutu. Ya taɓa waya, ya goge kan batirin, ya buga, shiru. Washegari ya shigo kantin ya tarar da idanu sun zuba masa. Ya ce, "Ni makaniki, shekara nawa ina gyara injin Bature, in buɗe baki in ce batir ya mutu mini a gida? Sai na ce bari in ƙarasa da abin da hankali zai ɗauka. Wa zai kashe mutum irin wannan a kashi na uku?" Da sati ya zagayo ya kunna, sai ya tarar ana zaman makokin Nomau. Ya yi niyyar faɗa mana gaskiya, sai ya tuna maganar Talatu. Ya ce bari ya ƙara sati ɗaya, ya nemi hanyar kashe shi a hankali. Kafin ya samu hanya aka yi sunan ɗan Sule.

Gaskiya na so in yi dariya, amma da na dubi fuskarsa sai tausayi ya kama ni. Dattijo ne da ya tara mutunci shekara da shekaru a kan cewa ba ya faɗin abin da ba haka ba, ga shi zai tafi ritaya da sunan maƙaryaci. Ya ce, "Waya ɗaya zan taɓa a bayan telebijin ɗin manaja, ba zai kawo hoto ba sai jibi."

Na ce, "Baba, albashina ne a kai. Kuma ko ka kashe wannan, za ka kashe na duk Kaduna? Ka faɗa musu da bakinka kafin a fara."

Ya ce to. Amma daga yadda ya mayar da hular na san da wuya.

Ranar Alhamis aka kashe injina. Wanda bai yi aikin masaƙa ba bai san nauyin wannan shirun ba, sai ka ji kamar an sauke maka kaya daga ka. Aka cika kantin, wasu a benci, wasu a kan tebur, har masu gadi suna leƙe ta taga. Baba ya dawo daga Romi cikin rigarsa ta zuwa coci. Ya miƙe ya ce, "Jama'a, akwai wata 'yar magana." Talatu ta ce, "Baba, zauna, an fara kiɗan." Ya zauna.

Ba a yi nisa ba sai ga sarki a tsaye gaban wani kabari a gindin ganuwa, yana cewa tun ranar da aka kashe Nomau maƙeri birnin nan bai sake samun mai riƙe masa ƙofa ba. Ni dai ƙasa na duba. Na ji bencin Baba ya motsa, ya miƙe, hularsa a hannu, ya nufi ƙofa.

Talatu ce ta tare shi. Ta ce, "Ina za ka, Baba? Ni tun sati na huɗu na sani. Ƙanwata a Barnawa take aiki, gidan da take suna da telebijin."

Wani daga baya ya ce shi a motar haya ya ji. Wani ya ce matarsa ce ta gaya masa, ya ce mata ta yi shiru ba ta fahimci wasan ba. Na duba, kusan rabin kantin suna murmushi. Ashe kowa ya riƙe abinsa, yana tsammani shi kaɗai ya sani.

Baba ya ce, "To me ya hana ku faɗa?"

Talatu ta ce, "In sayi shayin mutum nawa? Kuma naka ya fi daɗi."

Aka fashe da dariya, amma ba kowa ba. Sule yana gaba, bai juyo ba. Shi bai sani ba, kuma kowa ya san abin da ya faɗa ranar suna a gaban surukansa. Dariyar ta mutu da kanta. A haka muka ƙarasa kallo: ɗan sarki ya kama Sarkin Ƙofa, abokan gaba suka janye, aka yi kiɗa, sunaye suka hau. Ba wanda ya tafa sosai.

Sule ya tashi ya zo gaban Baba. Na matsa kusa, don na san halinsa. Baba ya ce, "Ɗana, na cuce ka. Ka yafe mini."

Sule ya kalle shi, sannan ya nuna telebijin ya ce, "Baba, wancan da suka binne, ni na taɓa ganinsa? Ban san ko fari ne ko baƙi ba. Wanda na sani shi ne mai shafa wa ƙofa man kaɗanya, mai faɗa da sito. Shi na sa wa yarona." Ya ƙara da cewa, "Amma ba ka gama ba. Gobe Juma'a. Ka zo ka gaya mana yadda aka ƙare, kuma in ka kashe shi ni da kai ne."

Washegari kantin ya fi na ranar kallo cika, har manajan ma'aikata ya zo ya tsaya a bakin ƙofa wai telebijin ɗinsa ya zo dubawa. Baba ya ba mu ƙarshen Birni na gaskiya, wato namu. Nomau ne ya ƙera sakatar da ta gagari abokan gaba. Sarki ya ce ya zaɓi sarautar da yake so, ya ce shi ba ya son rawani, a dai riƙa ba shi kayan aiki a kan lokaci. Mai kula da sito ma sai da ya yi dariya, ta hanci.

Abin da na koya a wannan lamari ya fi abin da aka koya mini a kwas ɗin heluma. Mu masu aikin inji ba wawaye ba ne, muna gane zaren da aka ƙulla da wanda bai taɓa tsinkewa ba. Amma mutumin da ya yini a tsaye cikin ƙara, ba mai jin muryarsa, yana son ko sau ɗaya a ba shi labarin da mai baƙin hannu irinsa ya kai ƙarshe da ransa. Kuma na ga yadda ma'aikata ke rufa wa nasu asiri: mutane da yawa, Musulmi da Kirista, suka haɗiye magana sati da sati don kada dattijo ɗaya ya ji kunya, ba tare da sun haɗa baki ba.

Baba Ishaya ya yi ritaya da mutuncinsa, ya rasu da daɗewa. Masaƙar ma ta rufe. Shekarun baya da na gama ɗan ginina a Kamazou, na ce a nemo mini mai walda ya yi mini ƙofar gida. Aka kawo wani ƙato mai furfura a gemu, hannunsa baƙi ƙirin. Na tambayi sunansa, ya ce Abubakar, amma in na je Kakuri na ce Abubakar ba wanda zai gane, sai dai in ce Nomau. Ya ce bai san inda babansa ya samo sunan ba, wai wani maƙeri ne a telebijin da aka harba bai mutu ba.

Na ce masa haka ne, ni ma ina wurin.